Taimakon abinci na Amurka: Daga gonakin Kansas zuwa sansanonin Borno

A ranar 1 ga watan Yulin 2025 ne gwamnatin shugaba Donald Trump ta rufe hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wato USAID, bayan ta shafe shekaru fiye da 60 tana aiki, aka kuma mayar da ɗan abin da ya rage na ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen ƙasar.

Daga cikin ayyukan da wannan mataki ya girgiza har da shirin taimakon abinci mafi daɗewa da Amurka ke da shi, wanda ake kira Food for Peace, ma'ana abinci domin zaman lafiya.

Duk wanda ya taɓa shiga sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ko Difa, ko kuma a gabashin Chadi, ya san buhunan wannan taimako da gwangwanayen man girkinsa, masu ɗauke da hoton hannuwa biyu suna musafaha, da rubutun da ke cewa kyauta ce daga jama'ar Amurka.

Shirin ya ceci rayukan miliyoyin mutane, kuma ko masu sukarsa ba su musanta haka. To amma tun ranar da aka kafa shi, an ɗora masa ayyuka biyu ne: ciyar da mayunwata a ƙasashen waje, da kuma kare muradun manoma da 'yan kasuwa da gwamnatin Amurka. Wannan haɗi shi ne ya raya shirin tsawon shekaru 70, kuma shi ne tushen akasarin matsalolinsa.

Yadda aka faro

Bayan yaƙin duniya na biyu, noma ya bunƙasa ƙwarai a Amurka saboda injuna da takin zamani da ingantaccen iri. Gwamnati ta yi wa manoma alkawarin farashin da ba zai faɗi ƙasa da wani mizani ba, don haka duk abin da kasuwa ta kasa ɗauka, ita ke saye ta adana.

Da ƙasashen Turai suka farfaɗo suka rage sayen hatsi daga waje, sai rumbunan gwamnatin Amurka suka cika maƙil da alkama da masara, har kuɗin ajiyar ma ya zame mata nauyi.

'Yan majalisa daga jihohin manoma, musamman Kansas da ta shahara wajen noman alkama, su ne suka tsaya kai da fata a kan a riƙa fitar da wannan rara zuwa ƙasashen da ke da bukata. A ranar 10 ga watan Yulin 1954 shugaba Dwight Eisenhower ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da doka mai lamba 480.

Sunan dokar na asali ma ya nuna inda aka dosa, domin kuwa batun bunƙasa cinikin amfanin gona ne ya zo a gaba, kana taimako ya biyo baya.

A wancan lokaci, akasarin abincin sayar da shi ake yi wa gwamnatocin ƙasashe a kan sharuɗɗa masu sauƙi, su biya da kuɗinsu na gida maimakon dala. Wani kaso kuma a kan bayar da shi kyauta idan an yi fari ko ambaliya ko yaƙi. Wannan ɓangare na kyauta shi ne daga baya ya zama ƙashin bayan shirin.

A 1961 shugaba John Kennedy ya ƙara wa shirin martaba, ya naɗa George McGovern ya shugabance shi, a cikin shekarar da ya kafa hukumar USAID. McGovern ɗin ne ya gabatar da shawarar da ta kai ga kafa Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato WFP, mai hedkwata a birnin Rum, wadda ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2020.

Abinci a fagen siyasa

An kafa shirin ne a tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma hukumomin Washington ba su ɓoye cewa suna kallon abinci a matsayin hanyar jawo ƙasashe a jika ba.

Babban misali shi ne Indiya. Damina ta yi gardama a 1965 da 1966, kuma a 1966 kaɗai ƙasar ta shigo da hatsi kimanin tan miliyan 10, akasarinsa alkamar Amurka. Jiragen ruwa sun yi ta jerin gwano a tashoshin ƙasar, aka kauce wa mummunar yunwa.

Sai dai shugaba Lyndon Johnson ya ƙi sakin abincin gaba ɗaya. Ya riƙa amincewa da jigilar kaɗan-kaɗan, domin matsa wa Indiya ta sauya manufofinta na noma, a daidai lokacin da yake jin haushin sukar da take yi wa yaƙin Vietnam.

Shugabannin Indiya sun ji zafin wannan ƙasƙanci, abin da ya ƙara masu azama wajen zuba jari a noman rani da sabbin irin alkama da shinkafa. A yau Indiya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa zuwa ƙetare.

A 1974 kuwa, lokacin da yunwa ta afka wa Bangladesh, Amurka ta jinkirta tura abinci saboda ƙasar ta sayar wa Cuba buhunan rama, alhali dokar Amurka ta hana taimaka wa masu ciniki da Cuba. Kafin a warware taƙaddamar, yunwar ta riga ta yi ɓarna.

A daidai waɗannan shekaru, da fari ya addabi Nijar da sauran ƙasashen Sahel, dawar Amurka ta isa yankin, amma kaso mai tsoka na shirin yana tafiya ne ga gwamnatocin Vietnam ta Kudu da Cambodia da Amurka ke mara wa baya a fagen yaƙi. Wannan ya sa majalisar dokoki ta gyara dokar a 1975, ta ce dole akasarin abincin da ake sayarwa bashi ya tafi ga ƙasashe mafi talauci.

Duk da haka, bayan Masar ta kama hanyar sulhu da Isra'ila a ƙarshen shekarun 1970, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu cin gajiyar alkamar shirin. Masu iya magana dai na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yadda buhu ke isa hannun mabukaci

Rarar hatsin da gwamnati ke tarawa ta daɗe da ƙarewa, domin an sauya tsarin tallafa wa manoma. Amma ƙa'idar farko ta ci gaba da aiki: kusan duk abincin da za a bayar a ƙarƙashin wannan doka, sai an noma shi a Amurka.

Ma'aikatar noma ce ke sayen kayan daga hannun manyan kamfanonin hatsi ta hanyar kwangila. Kayan sun haɗa da alkama da dawa da shinkafa da wake da man girki, da kuma garin masara da aka gauraya da waken soya domin yara da mata masu juna biyu.

Daga nan sai batun jigila. Wata doka ta daban ta tanadi cewa aƙalla rabin kayan sai an ɗauke su a jiragen ruwa masu tutar Amurka, waɗanda kuɗin dakonsu ya fi na sauran tsada. A 1985 an ɗaga kason zuwa kashi 75 cikin 100, kafin a mayar da shi kashi 50 a 2012. Hujjar da ake bayarwa ita ce ƙasar na bukatar jiragen 'yan kasuwa da matuƙansu su kasance cikin shiri ko da yaƙi zai taso.

Idan jirgi ya sauke kaya a Djibouti ko Mombasa ko Lome ko Duwala, sai manyan motoci su ɗauka zuwa cikin ƙasa, inda hukumar WFP ko ƙungiyoyin agaji masu zaman kansu ke rabawa.

Wannan doguwar hanya na cin kuɗi da lokaci. A 2007 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya gano cewa kimanin kashi 65 cikin 100 na kuɗin agajin abinci na gaggawa yana ƙarewa ne a jigila da ajiya da harkokin gudanarwa.

A wani rahoton na 2009, ofishin ya ce abincin da aka taso da shi daga ƙetare kan ɗauki kwana 147 kafin ya isa wasu ƙasashen Afirka, alhali wanda aka saya a cikin ƙasa kwana 35 yake ɗauka. Ya kuma ce saye a nahiyar ya fi araha da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Akwai kuma wata matsalar. Da yake majalisa kuɗi take warewa, duk lokacin da farashin hatsi ya tashi a kasuwannin duniya, kamar yadda aka gani a 1973 da 2008, yawan buhunan da kuɗin zai saya sai ya ragu. Wato lokacin da talaka ya fi bukatar taimakon, a lokacin ne taimakon ya fi ƙaranci.

Ƙorafin manoman Afirka

Wani tsari da ya jawo ce-ce-ku-ce shi ne na bai wa ƙungiyoyin agaji hatsi su sayar a kasuwannin ƙasashe matalauta, su yi amfani da kuɗin wajen ayyukan raya karkara.

Masu suka sun ce hatsin da ya shigo kasuwa ta wannan hanya, musamman idan ya iso a lokacin kaka, yana karya farashi, manomin gida ya rasa ribar guminsa. A 2007 ƙungiyar CARE, ɗaya daga cikin manyan masu cin gajiyar tsarin, ta bayyana cewa za ta daina, duk da cewa hakan na nufin asarar kimanin dala miliyan 45 a kowace shekara.

Akwai kuma matsalar karkatar da kaya. A 2023 Amurka da hukumar WFP sun dakatar da rabon abinci a Habasha na tsawon watanni, bayan an gano ana kwashe hatsin agaji ana kai wa masana'antun niƙa da kasuwanni.

Sauran masu bayar da taimako sun daɗe da sauya hanya. Tarayyar Turai ta koma bayar da kuɗi tun a shekarun 1990, Kanada kuma ta cire sharaɗin saye daga manomanta a 2008.

A Amurka ma an yi yunƙuri. Shugaba George W. Bush ya nemi a ba shi damar kashe kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin wajen sayen abinci a kusa da inda ake bukatarsa, majalisa ta ƙi. Shugaba Barack Obama ya sake gwadawa a 2013, yana mai cewa za a ciyar da ƙarin mutane har miliyan 4 da kuɗin da ake kashewa, amma majalisar wakilai ta kayar da gyaran da ƙuri'u 220 a kan 203.

Ƙungiyoyin manoma da kamfanonin jiragen ruwa ne suka yi ruwa suka yi tsaki wajen hana gyaran. Hujjarsu ita ce, idan aka raba shirin da manomin Amurka, babu wanda zai tsaya masa a majalisa ranar da za a zo yanke kasafi.

Shi ma sayen abinci a gida yana da nasa iyaka. A 2005, bayan fari da farin dango sun lalata amfanin gona a Nijar, mutane kimanin miliyan 3 sun shiga matsala. Akwai gero a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, amma farashinsa ya fi ƙarfin talaka, wasu ƙasashe maƙwabta kuma suka taƙaita fitar da hatsi, abin da ya sa sayen abinci a yankin ya yi wuya. A irin wannan hali, hatsin da ya zo daga nesa yana da amfaninsa.

Sabon salo bayan 2008

Tashin gwauron zabin da farashin abinci ya yi a 2007 da 2008, wanda ya haddasa tarzoma a ƙasashe kamar Kamaru da Senegal da Burkina Faso da Haiti, ya sa manyan ƙasashe sun gane cewa sun yi watsi da noma a manufofinsu na taimako.

A taron ƙasashe takwas masu arzikin masana'antu da aka yi a L'Aquila ta Italiya a 2009, an yi alkawarin fiye da dala biliyan 20 domin bunƙasa noma, Amurka ta ɗauki nauyin biliyan 3 da rabi.

Daga nan aka ƙaddamar da shirin Feed the Future a 2010, wanda manufarsa ita ce taimaka wa ƙananan manoma da iri da dabarun noma da hanyoyin kai kaya kasuwa. Majalisa ta ba shi gindin zama da wata doka a 2016, kuma a 2017 Najeriya da Nijar da Ghana suna cikin ƙasashe 12 da aka zaɓa domin mayar da hankali a kansu.

A daidai wannan lokaci an buɗe wata kafa ta daban da ta bai wa USAID damar sayen hatsi a kasuwannin yanki, ko kuma bai wa mabukata kuɗi da katin sayen abinci. Wannan kafa ta yi amfani sosai a arewa maso gabashin Najeriya, inda hukumar WFP ta fara aiki a 2016 sakamakon rikicin Boko Haram.

A watan Fabrairun 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa mutane miliyan 20 na fuskantar barazanar yunwa a yankin da kuma Sudan ta Kudu da Somaliya da Yemen. Amurka ce ta fi kowace ƙasa bayar da gudummawa.

Kuɗin Amurka ne kuma ya riƙa sayen kaso mai yawa na abincin nan na gyaɗa da madara da ake bai wa yara masu tamowa, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta nuna amfaninsa a Maraɗi a 2005. Akwai masana'antun da ke yin sa a jihohin Georgia da Rhode Island.

Abin da ya faru a 2025

A ranar da ya koma kan mulki, 20 ga watan Janairun 2025, shugaba Trump ya ba da umarnin dakatar da taimakon ƙetare na tsawon kwana 90. An ce agajin ceton rai ba ya cikin dakatarwar, amma da yake an sallami ma'aikata an kuma toshe hanyoyin biyan kuɗi, ayyuka da dama sun tsaya cik.

A watan Maris sakataren harkokin waje Marco Rubio ya ba da sanarwar soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID. Shafin da ke hasashen yunwa, wanda Amurka ta kafa tsarinsa a 1985 bayan bala'in Habasha, shi ma ya daina aiki na wasu watanni.

Kamfanin dillancin labaru na Reuters ya ruwaito a watan Mayu cewa abinci sama da tan dubu 60 na jibge a rumbunan Djibouti da Afirka ta Kudu da Dubai da Houston. Daga baya kimanin tan 500 na biskit ɗin agaji da ke Dubai ya wuce wa'adinsa ba tare da an raba shi ba.

Gwamnatin Trump ta ce hukumar ta cika almubazzaranci, tana kashe kuɗi kan abubuwan da ba su da alaƙa da muradun Amurka, kuma ta sa ƙasashe sun zama 'yan a-ba-ni. Mr Rubio ya musanta cewa akwai wanda ya mutu sakamakon matakin.

A Najeriya, zargin da wani ɗan majalisar wakilan Amurka, Scott Perry, ya yi cewa kuɗin USAID na isa hannun ƙungiyoyi irin su Boko Haram ya tayar da ƙura. Jakadan Amurka a Abuja na lokacin, Richard Mills, ya ce babu wata shaida da ta nuna haka.

A nasu ɓangaren, masu bincike da suka wallafa nazari a mujallar likitanci ta Lancet a tsakiyar 2025 sun ƙiyasta cewa ayyukan USAID sun hana mutuwar mutane miliyan 91 tsakanin 2001 da 2021, kuma idan aka ci gaba da yanke kuɗin, za a iya samun ƙarin mace-mace sama da miliyan 14 kafin 2030, ciki har da yara ƙanana miliyan 4 da rabi.

Gaba ɗaya dai taimakon ƙetare kimanin kashi 1 cikin 100 ne na kasafin kuɗin Amurka. Amma a 2024 ƙasar ce ta bayar da kusan rabin kuɗin da hukumar WFP ta samu.

Ba Amurka kaɗai ce ta ja baya ba. A watan Fabrairun 2025 Birtaniya ta ce za ta rage taimakonta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa kafin 2027, domin ƙara wa sojoji kuɗi. Jamus da Faransa su ma sun rage nasu.

Tasiri a arewacin Najeriya

A watan Yulin 2025 hukumar WFP ta yi gargaɗin cewa rumbunanta sun ƙare, kuma mutane miliyan 1.3 a arewa maso gabas za su iya rasa agaji, tare da rufe cibiyoyin kula da yara masu tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe.

A cikin watan ne ƙungiyar MSF ta ce yara 652 sun mutu sakamakon tamowa a cibiyoyinta da ke jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar. Ta danganta lamarin da rashin tsaro da tsadar abinci da kuma janyewar masu bayar da taimako.

A watan Satumba Amurka ta ba da dala miliyan 32 da rabi ta hannun WFP domin Najeriya, abin da ya rage raɗaɗin. Sai dai a watan Nuwamba hukumar ta yi hasashen cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 35 za su fuskanci matsananciyar yunwa a daminar 2026.

Wa ya tsaya wa shirin?

A kasafin da ta gabatar a 2025, fadar White House ta nemi a soke kuɗin Food for Peace ɗungurungum. Waɗanda suka fito suka kare shi su ne 'yan jam'iyyar shugaban ƙasar daga jihohin manoma, irin su Sanata Jerry Moran da ɗan majalisa Tracey Mann, dukkansu daga Kansas, waɗanda suka gabatar da ƙudurin mayar da shirin ƙarƙashin ma'aikatar noma. Majalisa ba ta soke shi ba, ko da yake ta rage masa kuɗi.

Ta wannan fuska, hujjar ƙungiyoyin manoma ta tabbata: shirin da ke da masu cin moriyarsa a cikin gida ya tsira, yayin da akasarin ayyukan Feed the Future, waɗanda manoman Afirka da Asiya ke amfana da su, aka rufe su. Wato sashen da masana suka fi suka saboda tsada da jinkiri shi ne ya fi ƙarfin gindi.

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa mutane kimanin miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a 2024, kuma fiye da miliyan 300 daga cikinsu suna Afirka.

Tun a 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo cewa za su riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, suka sabunta alkawarin a Malabo a 2014. Ƙasashe ƙalilan ne suka cika shi, kuma a mafi yawan shekaru gwamnatin tarayyar Najeriya ko rabin hakan ba ta kai ba.

Masu lura da al'amura na cewa darasin da Indiya ta ɗauka a 1966 shi ne ke gaban ƙasashen Afirka a yanzu, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. To amma gina madatsun ruwa da rumbuna da hanyoyin karkara aiki ne na shekaru, yayin da yaron da tamowa ta kama a Bama ko Jibiya ke bukatar magani cikin makonni.